Gayyar Baba a Gonar Dabino

Na yi shekaru ina aikin jinya a Riyad, kuma yawancin abin da ya faru a can ya gushe mini. Sunayen likitocin da muka yi aiki tare sun gudu, Larabcin da nake taƙama da shi ma yanzu sai na yi ta lalube. Amma akwai yammacin wata Juma'a a cikin wata gonar dabino wanda ba zan manta da shi ba har a rufe ni, domin ranar ce mahaifina ya yi waƙarsa ta ƙarshe, kuma da kyar da jiɓin goshi na samo ta.

Baba makaɗin noma ne a ƙasar Zamfara. Mu dai ba mu tashi mun san shi da wata sana'a ba. Da zarar ruwa ya sauka an yi shuka, sai ganinsa ya yi wuya a gida, yau gayya a wannan ƙauye, gobe a wancan. Yana rataye da ganga, 'yan amshinsa biyu na biye, shi kuma yana bin bayan samari cikin gona yana zuga su. Ina yarinya nakan bi masu kai fura, kuma da idona na ga ƙato ya zube don gajiya, ya miƙe ya sake ɗaukar garma, don kawai Baba ya ambaci kakansa a waƙa. Duk da wannan suna da ya yi, babu inda aka taɓa ɗaukar muryarsa. Mutanen gidan rediyo sun taɓa aiko masa ya je birni, sai aka yi rashin sa'a tsakiyar damina ce, ya ce a gaya musu ba shi da lokacin wasa. Su ma ba su sake nema ba. Da kuɗin mai suka shigo, samari suka watse birane, gayya ta fara ja da baya. Ɗaya ɗan amshin ya rasu, ɗayan ya tafi Legas gadi, gangar ta koma rataye a zaure.

Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Shi ya kafe sai na yi boko duk da surutun mutane, kuma a wurinsa na gaji taurin kai, wanda maigidana yake cewa da ana sayar da shi da tuni mun yi arziki.

Lokacin da labari ya iso mini cewa muryar Baba ta dishe, watanni ba ta dawo ba, muna zaune a unguwar Al-Ud, kusa da kasuwar Batha. Ni ina ɗakin mata a asibiti, maigidana yana ɗakin gwajin jini. Riyad ta wancan zamani duk gini ce, inda ka bari fili yau, wata mai zuwa ka tarar da bene. Muka yi ta zirga-zirga, asibitin da yake kafilinmu, wato mai tsaya mana a ƙasar, ya sa hannu, aka ba Baba izinin zuwa ziyara. Ya sauko daga jirgi ya rame, yana magana kamar mai raɗa.

Likitan maƙogwaro, wani Bamisire mai yawan shiru, ya duba shi ya sake dubawa, sannan ya gaya mini da Turanci cewa ƙari ne, kuma irin wanda ba a jira. Dole a cire wurin da murya take fita gaba ɗaya. Zai rayu in Allah ya so, amma ba zai sake magana ba. Ya ƙara da cewa kafin ranar aikin kada ya wahalar da maƙogwaron, domin wurin yana iya fashewa da jini. Daga nan ya jira in fassara.

"Mi ya ce, Uwata?" in ji Baba.

Na faɗa masa duka, ban rage komai ba.

"To salla hwa?"

Na ce ta zuci ma Allah yana ji.

"To a yanke," ya ce. "Na mora ta iya mora."

Shi ya haƙura nan take, ni ce na kasa. Muna cikin motar haya a hanyar gida abin ya faɗo mini, cewa idan aka shiga da shi tiyata, shi ke nan, duk waƙoƙin nan sun tafi, babu ko ɗaya da za a nuna wa wani a ce ga muryarsa. 'Ya'yana da suka fi jin Larabci a kan Hausa za su tashi su san kakansu a matsayin tsoho marar magana. Kafin mu kai gida na riga na yanke cewa sai Baba ya yi waƙa an ɗauka a kaset, ko da me za a yi.

Maigidana ya shiga Batha ya sayo rikoda sabuwa fil, da wata gangar Larabawa, tunda ta Baba tana can gida. Baba ya juya ta ya ƙwanƙwasa, ya ce muryarta ta mata ce amma za ta yi. Wani likita ɗan Kano da ke da babban gida a Nasim ya ba mu falonsa. Kiɗa a fili ba abin da ake yi ba ne a garin, don haka aka rufe tagogi, aka kunna na'urar sanyi. Muka jera kujeru layi-layi yadda muke gani a talabijin, muka kafa makirfo a gaba. 'Yan Najeriya da 'yan Nijar na Riyad suka cika wurin, kowa cikin babbar riga da ƙamshin turare, mu mata muna leƙe ta ƙofar ciki. Har jawabin gabatarwa aka yi. Baba ma mun naɗe shi cikin wata shadda mai sitaci da ta yi masa yawa.

Ya miƙe ya buga ganga. Ya buɗe baki ya yi sallama da waƙa, layi ɗaya, ya tsaya. Ya dubi mutane, mutane suka dube shi. Ya sake bugawa, ya daɗe yana bugawa, amma ko kalma ba ta fito ba. Can sai ya sauke gangar ya jingine ta a bango, ya ce, "Ku yi haƙuri." Kowa ya ɗauka ciwon ne. Aka yi ta Allah ya ba da lafiya, aka ci shinkafa, aka watse. Abin da rikodata ta kama shi ne jawabin gabatarwa da ƙugin na'urar sanyi.

Na yi kuka a mota, kukan haushi ba na tausayi ba. Washegari da safe ina zuba masa kunu na kasa daurewa.

"Baba, muryar ce ta ƙi?"

"Murya na nan, ko da ta dishe," ya ce. "Uwata, wa za ni yi ma waƙa? Mutane zamne, sun aza ƙahwa bisa ƙahwa, suna kallon bakina. Ni ban taɓa yi ma huska waƙa ba. Bayan mutum ni ka yi ma. In na ga wanga ya wuce in ɗaga shi, in na ga wancan ya lahe in tsokane shi. In babu wanda ad duƙe, mi za ni cewa?"

Na tsaya da ludayi a hannu. Waƙar Baba ba a cikinsa take a ajiye ba da zai zaro ta duk inda aka tsayar da shi. A gona yake tsintar ta, a bayan mutane masu gumi. Mu kuwa mun ga yadda mawaƙan talabijin suke yi, muka ɗauka kowace waƙa haka take.

Na sami maigidana yana ɗaura agogo zai fita, na ce gona nake nema.

"Gona? A Riyad?" Ya zauna a bakin gado. "Ki bar tsohon nan ya huta, don Allah. Kin ji abin da likita ya ce, ke kika fassara ma. An gwada, bai yiwu ba."

"Ba a gwada ba. Zaunar da shi aka yi a falo."

"Ke da ko mota ba a yarda ki tuƙa ba, ina za ki samo gona?"

"Ai shi ya sa na aure ka, Malam," na ce. "Ɗauko makulli."

Akwai wata tsohuwa Balarabiya da na daɗe ina wanke wa gyambon ƙafa a ɗakinmu har ya warke, takan ce ni 'yarta ce. Na san mijinta yana da gonar dabino a kwarin da ke bayan Jaradiyya. Can muka nufa bayan an tashi aiki. Aka kai maigidana wurin maza, ni na shiga ciki. Tsohuwar ta saurare ni, ta kira mijinta ya tsaya a bayan labule, na kwashe bayani da guntun Larabcina.

"Ganga? A gonata?" in ji shi. "Mamnu'u, an hana. A'a, 'yata, ki nemi wani abu."

Na ji takunsa yana komawa. Sai tsohuwar ta jawo ni ta raɗa mini cewa kullum cikin mita yake, domin leburorinsa duk sun gudu wurin masu gini inda ake biya da tsoka, kuma akwai wani fili a tsakanin dabinai da tarakta ba ta shiga, ya bushe ya yi tauri babu mai taɓa shi. Ban jira ta ƙarasa ba na ɗaga murya.

"Ya ammi, baffana, filin nan naka na tsakanin dabinai, zan kawo maza su nome maka shi a yini ɗaya, kyauta."

Takun ya tsaya. "Maza nawa?"

"Iya waɗanda filin zai ɗauka."

A lokacin ko mutum ɗaya ba ni da shi, har maigidan nawa bai ce ya yarda ba.

"Wane aiki suke yi, mazan?"

Na ce likitoci ne da injiniyoyi da ɗaliban jami'a. Tsohon ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce wannan kam ko don kallo ya yarda. Amma da sharaɗi: babu lasifika, mata su zauna gefe guda, kuma da an kira magariba, halas, a tsaya ko'ina aka kai. Na ce na ɗauka.

Tara mazan ya fi samun gonar wuya. Ban bi ta kansu ba, ta matansu na bi, gida-gida, maigidana yana jira a mota yana tsaki. Na gaya wa kowacce ta nemo wa mijinta tsohon wando, kuma duk wanda bai zo ba zan sa Baba ya saka shi a waƙa. Wani likitan tiyata ya aiko cewa hannunsa ne abincinsa. Na ce ba komai, ya zo ya yi rabon ruwa. Ɗaliban jami'a kuwa shugabansu, wani dogo ɗan Damagaram, ya ce wa maigidana maganar kiɗa akwai saɓani a kanta wurin malamai. Na ce a koma a gaya masa ban gayyace su kiɗa ba, na gayyace su taimakon wani dattijo da gonarsa ta fi ƙarfinsa. Ya yi nazari, ya aiko da amsa cewa su noma za su je yi, abin da ya faɗa kunne ba da niyya ba kuma Allah mai gafara ne.

Juma'ar da ta rage kafin a kwantar da Baba ita ce ranar. A gonar muka yi la'asar. Mai gonar ya sa an saki ruwa a filin tun jajibere don ƙasar ta yi laushi, ya kuma fito da duk wata garma da fartanya da shebur da ke rumbunsa. Da na ga mazan nan sun tuɓe manyan riguna sun tsaya da singileti da tsofaffin wanduna, wasu tumbi a gaba, sai da na toshe baki da abaya. Amma da suka ɗauki kayan aikin, da yawansu hannu ya tuna. Ashe rabinsu 'ya'yan manoma ne, makaranta ce ta raba su da gona.

Baba ya ƙi shaddar nan. Tsohuwar taguwarsa ya sa, ya ɗaure ƙugu da rawani. Ya zagaya filin shi kaɗai, ya damƙi ƙasa ya murza, sannan ya jera su kafaɗa da kafaɗa, ya ba kowa layinsa. Ya koya musu amshi, kalmomi kaɗan: "Sai iyaka, maza, sai iyaka." Ni kuwa na rataya rikoda a kafaɗa, makirfo a hannu, na tsaya a bayansa. Mai gonar ya dube ni zai yi maganar sharaɗin mata, matarsa ta ce masa wani abu daga inda take zaune, ya kau da kai.

Ganga ta tashi, suka duƙa. Da farko muryar Baba ba ta wuce inda nake ba, tana fita tana yankewa. Sai wani injiniya Bakatsine mai jiki ya fara zama baya, yana sara ɗaya yana dafe ƙugu. Na ga idon Baba ya sauka a kansa, na ga kafaɗarsa ta motsa. Ya matsa dab da bayan mutumin ya saki murya:

"Mai gina gada da ƙarhe, yau ga ƙasa ta tare ka. In tumbi ya hana duƙawa, aje shi gindin dabino, in mun gama mu ɗauko ma."

Filin ya kwashe da dariya, har shi injiniyan. Ya tofa miyau a tafi ya afka wa ƙasar kamar da ita suke faɗa. Amshi ya tashi da ƙarfi, kuma daga nan ban san inda muryar ta fito ba. A dishe take, tana da kaushi, amma ta cika tsakanin dabinan nan. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba ya buƙatar sunan kowa, garin mutum yake tambaya da ido a faɗa masa, ya ɗauko kogin garin da kasuwarsa da abin da ake nomawa a can ya ɗora wa mutum a ka. Na ga wani babban likita yana sara hawaye na zuba, bai tsaya sharewa ba. Ɗalibin nan na Damagaram ya yi wa kowa fintinkau, Baba ya bi shi da kirari, kuma shi da ya zo ba don sauraro ba, muryarsa ta fi ta kowa a amshi. Likitan tiyata ya ajiye butar ruwa ya karɓi fartanya a hannun wani.

Maigidana ɗan cikin birnin Kano ne, jikan 'yan kasuwa, bai taɓa riƙe garma ba. Yana can ƙarshen layi yana fama. Tsakanin suruki da suruki akwai nauyi, don haka na ɗauka Baba zai tsallake shi. Ya je bayansa ya ɗan yi jim, sannan ya ce:

"Akwai wani nan, ba ni hwaɗin ko wane ne. Ya riƙa garma awa allura, amma ku duba, bai aje ba."

Maigidana bai ɗago ba, amma na ga kunnuwansa sun motsa, sararsa kuma ta canja.

An ci kusan rabin fili sai Baba ya juya gefe ya yi tari a hannun riga, hannu ɗaya bai bar ganga ba. Ina dab da shi, na ga ja a jikin taguwar. A daidai nan kuma kaset ya kai ƙarshe, rikoda ta yi ƙas ta tsaya.

Ba zan ɓoye ba, tsoro ya kama ni. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da jini a wannan wuri yake iya zama, na kuma san nisan gonar da asibiti. Na riga na sami gefe guda na kaset cike da waƙa, abin da na zo nema ke nan. Na matsa na ce, "Baba, ya isa haka."

Ya nuna mini mazan da haɓa, suna duƙe suna jiran muryarsa, ya nuna sauran filin. Sannan ya dube ni. Tunda aka sauko da shi daga jirgi ban ga wannan idon ba, idon mutumin da na sani ina yarinya.

Na ce ya buɗe baki. Na duba da kyau, zane-zanen jini ne a majina, ba zuba yake ba. Na ba shi ruwan ɗumi da zuma daga fulas ɗin da na zo da shi, na ce masa in na ga ya ƙaru da kaina zan ƙwace gangar, ko zai tsine mini. Ya gyaɗa kai. Na ciro kaset, na juya shi, na danna. Har yau ban tabbata abin da na yi daidai ne a aikin jinya ba. Na dai san da na tsayar da shi a nan, da na yi masa tiyatar tun kafin likita.

Gefe na biyu ya fi na farko. Rana ta yi ƙasa, ƙura ta tashi, garemani suna sauka tare kamar hannu ɗaya ke riƙe da su. Mai gonar ya bar inda yake zaune ya biyo layi yana tafi, yana gaya wa duk wanda zai saurara cewa su ma iyayensu da waƙa suke jan ruwa da raƙuma kafin zuwan inji. Ina biye da Baba, ido ɗaya a kan hannun rigarsa, sai na ji ya sauya kiɗa, ya rage sauri. Bai waiwayo ba ya ce:

"Uwata ta kira damina ƙasar da ba a ruwa, damina ta amsa. Na haihi mace, na gode Allah, maza goma ba su yi min haka."

A wurinmu uba ba ya yabon 'yar fari, ko sunanta ba ya kamawa. Tunda nake ban taɓa jin kalma ɗaya irin wannan daga bakinsa ba. Matan da ke gindin dabino suka manta a ƙasar da suke, suka rangaɗa guɗa. A kaset ɗin, daidai wurin nan, akwai wata ƙara kusa da makirfo da jikokina suke tambaya mece ce. Ni ce nake jan hanci.

Ana cikin haka aka kira magariba daga masallacin kwarin. Baba ya ɗora tafi a kan fatar ganga a tsakiyar baiti, komai ya tsaya. Alkawari ne, kuma bai jira a tuna masa ba. Saura layi ɗaya a jikin katanga ba a nome ba. Wasu suka ce a ƙarasa bayan salla, mai gonar ya ce halas, abin da aka yi masa ya fi abin da ya zata, ya sa aka fito da dabino da gahawa. Kowa yana murna yana nuna wa ɗan'uwansa tafin hannu. Baba kaɗai na gani tsaye yana kallon layin nan, har sai da na ja shi zuwa alwala.

Washegari aka kwantar da shi. Bamisiren ya leƙa maƙogwaron, ya ɗago ya dube ni, ya tambayi abin da aka yi. Na faɗa masa gaskiya. Ya wanke ni tas a gaban ƙananan ma'aikata, na tsaya na shanye, domin yana da gaskiyarsa. Sai da aka jira kumburin da waƙar ta jawo ya sauka sannan aka sa ranar aiki.

Ranar da za a shiga da shi, muna tafe gefen gadon da ake turawa, ni da maigidana. Na san duk abin da ya faɗa yanzu shi ne na ƙarshe, don haka na kasa kunne ina jiran wasiyya ko addu'a. A ƙofar tiyata ya ɗaga hannu aka tsaya. Ba ni ya kira ba. Surukinsa ya yafito, wanda bai taɓa yi wa magana kai tsaye ba in ba gaisuwa ba.

"Malam," ya ce, da kyar ake ji. "Ban taɓa barin gonar gayya da saura ba. Layin nan na jikin katanga."

"Za a ƙarasa, Baba," in ji maigidana.

Maganarsa ta ƙarshe a duniya ke nan. Ni da na yi ta wahala ban samu ko "Allah ya yi miki albarka" ba, wani layin gona ya samu. Na tsaya a ƙofar ina dariya ina kuka.

Maigidana bai zauna jira tare da ni ba. Ya ɗauki rikoda, ya bi ta kan injiniyan nan da ɗalibin Damagaram, suka koma kwarin da rana tsaka. Daga baya ya ba ni labari cewa a kan kututturen dabino suka ɗora rikodar suka kunna, muryar Baba tana zuga su, suna amsawa, har suka kai bango. Ya dawo asibiti da ƙasa a ƙafar wando, ana gab da fito da Baba.

Da ya farfaɗo, da bututu a wuya da bandeji, ya dube ni ya wuce, idonsa yana neman wani. Maigidana ya matso, ya buɗe masa tafukansa biyu. Duk sun yi bororo, wasu sun fashe. Baba ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya miƙa yatsu kan ƙarfen gado ya fara ƙwanƙwasawa a hankali. Sauran ma'aikatan suka ɗauka wani abu yake so, ɗaya har ta kawo takarda. Ni na gane. Kiɗan tashi ne, wanda ake yi idan an kai ƙarshen gona, a sallami mutane kowa ya tafi gida.

Baba ya yi shekaru bayan nan a ƙauye, cikin koshin lafiya, ba magana. Kaset ɗin an kwafe shi an sake kwafewa har ban san iya inda ya kai ba. Abin da na koya a wannan gona ya bi ni duk tsawon aikina da zamana da mutane. Idan kana son abin da Allah ya ajiye a cikin mutum, kada ka zaunar da shi inda ya yi maka daɗi ka ce ya fito da shi. Ka nemi inda yake zama shi kansa ka kai shi, ko da sai ka roƙi gonar wani a ƙasar da ba taka ba. Kuma ka yi tun yana da bakin amsa maka, domin ni saura kaɗan in makara.